Idanu a Jikin Rumbu

Ranar wata Juma'a ce, a kakar shekarar da na shiga aji uku a lakwal, makarantar bokonmu ta Matameye. Maza suka dawo daga masallaci, suka tarar rumbun gidanmu yana kallonsu. Idanu ne birjik a jikin yumɓun, na mata zalla, an yanko su daga hotuna an liƙe su da ƙaro. A ƙarƙashinsu, da haruffan da aka yanko daga tsofaffin jaridu, an rubuta: "MU MUKA SUSSUKA. BARI MU LEƘA."

Aikin Gwaggo Rabi ne, ƙanwar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu, wai idonta yana cinye albarkar hatsi. Ji wata magana! Mu ne shuka, mu ne sussuka da casa har hannu ya yi kanta, amma sai Baba ya ɗaga murfi ya auno mana kamar masu roƙo. A daminar da ta gabata gero ya ƙare ba wadda ta sani, ashe Baba ya daɗe da kwashe shi zuwa kasuwa, muka koma cin tafasa da rama. Tun daga nan Gwaggo ta fara tara takardun ƙunshe ƙosai, da tsofaffin kalandu, da bawon gwangwanin madara a cikin wata kwalla. Mu yara mata kuwa in mun gama ɗebo ruwa, sai mu bar carafke mu bi hanyar Kurni muna ɓamɓaro mata ƙaro. Takan ce, "Da abin da suka yar za mu yi musu magana." Da ta roƙi hotona na lakwal, da gudu na kawo mata, ta yanke idanuna ta liƙa su can sama, daf da murfi.

Da Baba ya ga idanun ranar Juma'ar nan, bai ɓata lokaci ba. Fartanya ya ɗauko ya kankare rumbun tas, ya juye kwallar a murhu, maƙwabta na cewa ai aljanu ne suka taɓa ta. Wallahi har yau in na tuna warin ƙaron nan yana ƙonewa sai zuciyata ta tafasa. Gwaggo ta ɗauki almakashinta ta tafi Damagaram, can ta ci gaba da liƙa fuskokin mata da maganganunsu a jikin kwali har Allah ya karɓi ranta.

Yanzu ana rataye ayyukanta a manyan ɗakunan baje koli, kuma waɗanda suka kira ta mai aljanu su ne ke bugun ƙirji wai jininsu ce. Ba kunya! Bana da na je gida, na iske rumbun yana nan, matar ƙanena na tsaye a gindinsa da ƙwarya tana jiran awo. Na ɗaga kai na nemi inda idanuna suke, sai sawun fartanya. Gwaggo ta tafi, mu kuwa har yau ba mu leƙa ba.