Hannun Mis Odile a Ƙirji

Duk ranar Lahadi, da an tashi daga coci, Mis Odile Mercadel takan shiga bas zuwa ɗan zauren kiɗan unguwarmu a New Orleans. Ita ke buɗe tagogi, ta ɗora tukunyar wake da shinkafa, ta goge fiyano. Ƙarfe uku kiɗan jaz ya tashi. Shekara talatin da takwas tana raka duk wanda ya hau dandamali da kiɗan fiyano, gwani ko ɗan koyo, kuma ba a taɓa rubuta sunanta a allon ƙofa ba.

Muna da al'ada a nan. Makaɗi in ya yi kuskure a tsakiyar kiɗa, sai ya dafa ƙirjinsa, wato "ni ne", a ci gaba. Cleophus mai ganga ya rantse ba wanda ya kai Mis Odile dafa ƙirji. "Matar da ban taɓa jin yatsanta ya zame ba!" in ji shi. "Mutum ya ɓace, ta bi shi ta dawo da shi hanya, ta kuma ɗauke masa laifin. Ni kaina sau nawa ta rufa mini asiri?"

Ni ma ta rufa mini. Abin da na saka mata da shi ne ya sa nake wannan rubutu kaina a sunkuye.

Shekara goma sha tara da suka wuce, wani shugaban makaɗa ya zo neman mai busa ƙaho da zai yi yawon ƙasashe da shi. Ni ne mai ƙaho a ranar. Ina cikin busa, ina ta burga, na manta inda muke, na faɗa amshi kafin lokaci. Kafin kowa ya farga ta tsallako ta same ni, ta janyo sauran makaɗan, ta dafa ƙirji. Da aka gama mutumin ya ce mini, "Matar nan saura kaɗan ta kayar da kai." Na yi dariya na ce, "Ai mun saba da ita." Na samu aikin. Ban tsaya nan ba, na mai da labarin abin ban dariya a kowane gari. Aka daina kiranta ɗaukar faifai, wai hannunta ba tabbas.

Mis Odile, uwar makaɗa, ke ce kika ji labarin ya dawo kunnenki, amma duk Lahadin da na zo gida kin zuba mini wake har da ƙari.

Makon jiya ta yi Lahadinta ta ƙarshe, ciwon gaɓɓai ya ci yatsunta. Na same ta a bakin tukunya.

"Mis Odile, ranar nan ni ne na ɓace."

"Wace ranar? Ɗan nan, ka ɓace ya fi sau ɗari. Miƙo mini ludayi."

"Ranar da mutumin nan ya zo."

Ta daina juya waken. "Na sani. Ta yi mini ciwo ƙwarai. Amma ba ni za ka gaya wa ba, ni ai ina wurin."

A kiɗan ƙarshe yatsanta ya zame da gaske, kowa ya ji. Na yi wuf na dafa ƙirji. Cleophus ya dafa, duk mu bakwai muka dafa. Sai ta tsayar da kiɗan.

"Ku sauke hannuwanku, maƙaryata! Wannan nawa ne. Shekara talatin da takwas ina jiran na kaina."

Zaure ya kece da dariya. Ni na kasa.

To ga shi na gaya wa waɗanda ba sa wurin: ni ne, ba ita ba. Mun gode, Mis Odile, Allah Ya sassauta wa yatsun nan. Ku matasa masu hawa dandamali, ku koyi rufa wa juna asiri kamar yadda ta yi. In kuma wani ya rufa muku, ku faɗi gaskiya da wuri. Ni sai da na bari hannunta ya daina kiɗa.