Rabin Kwalin Maigandi

Maigandi mutumin Chadi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Sultana ta birnin Madina, kuma ciwon suga ya daɗe da zama ɗan gida a jikinsa. Amininsa Khalilu, mai dakon kayan alhazai a filin jirgi, shi ma ciwon ke nan. To, ka san halin mutanenmu, in ciwo ɗaya ne magani ma ɗaya ne. Duk ƙarshen wata sai su rankaya saidaliyyar bakin layi, wato kantin magani, su sayi kwalin ƙwaya guda su raba, su zarce shan shayi ba suga, suna hararar dabinon mutane.

Ana nan sai hukuma ta wajabta wa manyan kamfanoni yi wa ma'aikata inshorar lafiya, ta'amin a bakin 'yan gari. Khalilu, da yake babban kamfani yake wa aiki, ya samu kati, har da hotonsa. Dokar ba ta iso ƙananan shaguna irin na su Maigandi ba.

Ranar da ya ga katin, Maigandi ya juya shi gaba da baya. "Mabruk," in ji shi, wato barka, ya mayar wa Khalilu abinsa. A gida kuwa ya ishi matarsa Lauratu da mita: "Na riga shi zuwa Madina, na riga shi kamuwa da ciwon, amma shi aka ba kati."

Abin da ya fi ci masa rai, katin ba ya aiki sai a saidaliyyun da kamfanin inshora ya zaɓa. Khalilu ya koma karɓar magani can unguwar Bani Harisa. Wata ya ƙare, Maigandi ya ƙi zuwa sayen nasa. Wa zai raba da shi?

Da Lauratu ta kai ƙara wajen Khalilu, sai ga shi da la'asar, ya miƙa wa Maigandi rabin maganin kati.

"Riƙe abinka, Alhajin ta'amin. Sadaka na roƙa?"

"To tashi mu je bakin layi, ya akhi, ɗan'uwana. Rabina nake so."

"Me za ka yi da shi?"

"Ina ruwanka? Nawa ne."

Suka saya, suka raba, suka zauna shan shayi. Can Maigandi ya ce a sake nuna masa katin. Ya ƙura masa ido, ya taɓe baki.

"Hoton nan dai bai yi kyau ba."