Alewa a Ƙarƙashin Harshe

A gidanmu ba mai kiran 'yar Kawu da sunanta, Rediyo ake ce mata. Tun tana rarrafe take kwaikwayon muryar mutane, an ce ta taɓa tsawata wa kaji da muryar Gwaggo suka yi mako ba su yi ƙwai ba. Makaranta ba ta yi nisa ba. Ɗinkin da Innarta ta so ta gada kuwa, allura ta fi sanin yatsanta a kan yadi. Sai da ta girma bakin ya yi rana: wani kamfanin amsa kiran waya ya ɗauke ta gwaji, inda Amurkawa ke bugowa in injin wankinsu ya ƙi juyawa. Sharaɗi ɗaya ne, kada mai bugowa ya ji baƙon harshe. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshe sai ya ajiye abin kunne ya kama hanya.

Rediyo ta sha wuya. Ruwan da kowa ke kira wota da Turanci, su Amurkawa sai an ce wara. Harafin ra ɗinsu kuma ba a kaɗa shi, naɗe harshe ake yi baya kamar tabarma. Nata harshen ya ƙi naɗuwa, sai rannan da ta yi bita da alewa a ƙarƙashinsa, kalmomin suka fito sumul. Daga nan ba ta ƙara buɗe baki da Turanci ba sai da alewa. 'Yan uwa suka ce kafin a ɗauke ta aiki haƙoranta za su yi ritaya, ta ce su dai 'yan baƙin ciki ne.

Ranar jarrabawa Madam mai duba aiki ta tsaya a ƙofa tana karɓar jakunkuna. Ta ce ba ci ba sha a kan tebur, an gaji da tururuwa a cikin kwamfuta. Alewar Rediyo tana cikin jaka, jaka ta shige kabad, aka murza makulli.

Ta zauna a ɗan akurkin teburinta, iyakwandishan na busawa, ita tana zufa. Ta gwada kalmar can ƙasa-ƙasa, sai wota ta fito tsaf irin ta gida. Madam ta ja kujera gefenta, ta sa nata abin kunnen. Fitilar waya ta fara ƙiftawa.

Idonta ya sauka kan maɓallin hannun rigarta. Inna ce ta kafa shi, ita kuwa in ta kafa maɓalli sai dai rigar ta mutu ta bar shi. Rediyo ta yi kamar tari ya sarƙe ta, ta gatsa zaren da haƙori har ya tsinke, ta tura maɓallin ƙarƙashin harshe, ta ɗauki kiran.

Wata tsohuwa ce, injinta ya cika ɗaki da ruwa, sai faɗa take. Rediyo ta lallashe ta, ta sa ta kashe famfo, wara na fita kamar a can aka yanke mata cibi. Amma maɓalli ba ya mannewa kamar alewa, yawo kawai yake a baki. Tsohuwa ta jefo tambaya, Rediyo ta ja numfashi za ta amsa, maɓalli ya wuce maƙogwaro.

Idonta ya kawo ruwa. Madam ta juyo ta zuba mata ido, tsohuwa na jiran amsa. In ta yi shiru ta faɗi, in ta buɗe baki ma wa ya sani. Ta buɗe. Ko tsoro ne ya ƙanƙame harshen a inda ya saba, oho, ya dai zauna a naɗe har aka yi sallama.

Madam ta cire abin kunne. "Gobe ki zo da wuri. Kuma ki gyara hannun rigar nan."

A gida Inna ta juya hannun rigar. "Ke Rediyo, ina maɓallin? Irinsa ya ƙare a kasuwa."

"Bai ɓata ba, Inna, yana nan tare da ni."

Inna ta zura zare a allura, ta miƙo hannu tana jira. Da aka yi mata bayani sai ta mayar da allurar cikin gwangwani, ta ce ko ya dawo ta yafe.