Kumburin da ya sauka wuyan Yaya

Yayana manomi ne a Kambaza, ni kuma ina koyarwa a Kalgo tun da na gama jami'a. Damina ta kankama lokacin da turmin haƙorinsa na ƙasa ya fara hana shi sakat. Ya cusa kanumfari a ramin, ya kuskure baki da ruwan gishiri, duk a banza.

Ranar kasuwa ya je wurin mai cire tsutsar haƙori. Mutumin ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya sa Yaya ya buɗe baki hayaƙi ya shiga, sannan ya nuna masa wasu farare-farare a ƙwaryar ruwa, wai tsutsotsin ne suka faɗo. Ciwon kuwa ya lafa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don na taɓa karanta cewa haƙori kan yi shiru idan jijiyarsa ta mutu, ruɓa kuma ta ci gaba ta ƙasa. Ni ba likita ba ne, ban san ko hakan ne ya faru ba. Ina dai zato.

Da na je gida na tarar haɓarsa ta kumbura, jikinsa da zafi, yana tura fura ta gefen baki don bakin ba ya buɗuwa sosai.

Na ce, “Yaya, wannan ya wuce na gida. Mu tafi asibiti yau.”

Ya ce, “Ɗan boko, mi kaka tsoro? Na ga tsutsa da idona. Wa za ya yi min noman gero, digirinka?”

Inna ta yi dariya, tana gasa masa wurin da tsumma mai ɗumi. Na roƙe ta ta bari, na ce ina jin zafi na iya ƙara kumburin. Ta ce da haka ta raine mu duka. Na sake roƙo, na kawo kawunmu ya sa baki, Yaya ya ce sai an gama noman.

Ba a gama ba. Wata safiya matarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ko miyau ba ya iya haɗiyewa, numfashinsa na ƙara. Na garzaya gida, muka ɗauko mota daga Gwandu da ke kusa da mu. Zaune ya yi tafiyar, ya dafa gwiwata, don in ya jingina iska ba ta shiga.

A Birnin Kebbi likita ya taɓa wuyan, ya ce mugunya ta sauka ta matse hanyar numfashi. Ya ce kumburi ƙarƙashin haɓa da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ba a kwana da su. Sun yi ƙoƙarinsu. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinSa.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya tambaye ni me ya same shi. In na ce haƙori, sai a dube ni, a jira in faɗi ainihin ciwon.