Kwana Uku da Ba a Auna Ruwa Ba

Yayana Gwadabe bai taɓa ganin teku ba, ko Legas bai je ba, amma duk Hunkuyi ba wanda ya kai shi damuwa da halin da ƙanƙarar teku take ciki. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, sai dai ni Inuwa ban gado wannan ba. Ni manomi ne, damuwata dawa da gero.

Shi aka tura elemantare a gidanmu, don ya fi kowa rashin ƙarfi, Baba ya ga ba a rasa komai a gona ba. Da ya gama, ofishin gona suka ba shi wani aiki da na daɗe ina jin kunyar kiransa aiki. Sun kafa gwangwanin tagulla a fili bayan gidanmu, da mazurari a bakinsa da kwalba a ciki. Kullum ƙarfe bakwai na safe sai ya buɗe, ya juye ruwan saman da ya taru cikin wani gilashi mai zane-zane, ya durƙusa ya daidaita ido, ya rubuta a littafi. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai ya je ya leƙa, ya rubuta sifiri, har a tsakiyar rani. Na sha ce masa, "Yaya, ka rubuta daga ɗaki mana, wa zai sani?" Sai ya ce, "Ni."

Ya yi shekara goma sha uku a haka, layi bai taɓa tsallake shi ba. Ranar ɗaurin aurensa da Zinariya ma sai da aka jira shi.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, wani Bature ya zo daga Zariya da tafintansa, wai littafin Yaya ya zo gani. Fuskarsa ta yi jawur, fatar hancinsa tana saɓulewa. Muka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya fito da hotuna. Ya ce aikinsa a can ƙarshen duniya ne ta arewa, inda ƙanƙara ta danne ƙasa, kaurinta ya fi mil guda, inda teku ke daskarewa har mutum ya taka. Wai huda ƙanƙarar suke yi su zaro ta doguwa kamar sandar rake, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa shekara guda. Sannan kowace shekara suna auna iyakar inda ƙanƙarar teku ta kai. Abin da yake son sani shi ne ko shekarun da ta yawaita can su ne shekarun da ruwa ke yi mana rowa a nan. Ya ce shi ma bai sani ba, shi ya sa yake neman littafin da ba shi da giɓi, kuma ya zaga wurare da yawa bai ga kamar na Yaya ba.

Ni dai na raka shi mota ina cewa a raina wannan rana ce ta taɓa shi. Yaya kuwa daga ranar ya sake. Da can yana aunawa don an ce ya auna, yanzu ya san akwai mai jira. Duk ƙarshen wata sai ya kwafe lissafinsa ya kai gidan waya. Mutanen gari suka sa wa Baturen suna Mai Ƙanƙara, shi kuma Yaya suka riƙa tambayarsa ya sanyi.

Damina ta gaba ce ta zo da gardama. An yi ruwan shuka, muka shuka, ya ɗauke. Muka sake, ya sake ɗaukewa. Kwana ashirin da shida hadari yana haɗuwa yana watsewa, geron da ya tsiro ya kanannaɗe ya bushe ina kallo. Sai magana ta fara yawo a kasuwa da bakin rijiya: ta yaya ruwa zai sauka alhali akwai mai auna rahamar Allah da gilashi, kullum da safe ya tashi ya rubuta mana babu?

Zan faɗi abin da ban cika son faɗa ba. Da dattawa suka zo wurinsa ana gobe za a fita roƙon ruwa, ni na shige musu gaba. Irina na ƙarshe ne a ƙasa, kuma raina a ɓace yake.

Yaya ya ce, "Ku yi haƙuri, gwangwani ne fa. Ba ya kira, ba ya kora."

Na ce, "To in gwangwani ne kawai, cire shi mana! Ko Baturen nan ya fi mu ne?"

Ya kalle ni. Sannan ya tashi ya tuge shi da hannunsa, ya kai ɗaki ya tura ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi muka fita filin Idi, aka yi salla, muka juya riguna. Kafin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwana uku ana yi. Gari ya rikice da murna, kowa na cewa ai ga shi nan, da ma gwangwanin ne. Har aka yi ta yi mini sannu da ƙoƙari.

Liman Abdulwahabu ne ya kashe maganar ranar Juma'a. Ya ce, "Jama'a, mun fita mun roƙi Allah, Ya ba mu. Yanzu kuma ina jin ana gode wa gwangwani. Wanda ya ce tagulla ce ta riƙe ruwa, ya ba ta ikon da ba nata ba, ya je ya tuba." Da yamma Yaya ya mai da kayansa wurinsu, ba wanda ya hana shi.

Na same shi da safe da littafin a cinya, layi uku fari fat. Kunya ta ishe ni, na ce, "Yaya, ai kowa ya ga ruwan. Tasar Zinariya ma ta cika a tsakar gida. Ka ƙiyasta ka rubuta."

Ya ce, "In na ƙiyasta uku, Inuwa, wa zai yarda da sauran?" Ya rubuta a gefe da ƙananan baƙaƙe cewa ba a auna ba, ya aika a haka. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Amsar Mai Ƙanƙara ta zo bayan girbi. Ya ce su ma akwai ranakun da guguwa ke hana su fita, su bar layin a wofi, kuma layukan nan uku sun ƙara masa yarda da littafin. Game da tambayarsa kuwa, wai sai an ƙara shekara talatin ana aunawa kafin a ce wani abu. Na ce shekara talatin! Yaya ya ninke takardar ya ce, "To sai a ci gaba."

Shekara shida kawai ya samu. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a tsakiyar damina, Zinariya ce ke kawo masa kwalbar bakin gado yana dubawa. Ya cika wata Talata bayan azahar, muka kai shi da la'asar, muna dawowa ruwa ya tare mu a hanya.

Da gari ya waye zaure ya cika da masu gaisuwa, Zinariya ta shiga takaba. Ina karɓar gaisuwa ina kallon inuwar katanga, don na san inda take kaiwa in bakwai ta yi. Da ta kai sai na miƙe na zaga baya. Na juye ruwan a gilashi, na durƙusa yadda na ga yana yi. Ban iya karatun boko ba, zane-zanen ba su ce mini komai ba. Sai na zari tsinke a jikin dangan kara, na tsoma har ƙasa, na karya shi daidai inda ya jiƙe. Na buɗe littafin na ajiye tsinken a kan layin ranar, na koma wurin mutane.