Malam Ɗantala da rigarsa mai aljihuna

Duk wanda ya saba bi ta titin Gate City Boulevard, nan birnin Greensboro, da sassafe ya san farar motar kayan nan da ke fake a bayan shagon da muke sayen manja da garin rogo. Ta Malam Ɗantala ce. In ya dawo daga sallar asuba sai ya buɗe bayanta, ya ninke bargunan da ake naɗe kujerun mutane da su, ya duba igiyoyi, ya tsiyayi shayi a murfin fulas ya sha a tsaye. Sannan ya ɗauko wata riga marar hannu, ruwan ƙasa, ya ɗora a kan kayan aikinsa. Matarsa Anti Adjara ce ta ɗinka masa ita, gabanta duk aljihuna ne. Kafin a ɗaga ko tsinke, kowane ma'aikaci sai ya miƙo wayarsa, Malam ya ƙure mata ƙara, ya jefa a aljihu.

Sana'arsa kwasar kayan masu tashi daga wani gida zuwa wani. Ma'aikatansa kuwa, in ka haɗu da su a ƙofa kai za ka matsa. Ƙarti ne, wuyan kowanne kamar turmi. Dukkansu 'yan ƙwallon ƙasar nan ne, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da gudu, waɗanda kulob ya sallama.

Zan bayyana yadda na fahimta, don akwai 'yan'uwa a gida da za su karanta. Da bazara manyan kulob-kulob suna tara samari da yawa a sansanin horo. A ƙarshen watan Agusta sai a tace, a riƙe waɗanda ake so, sauran a sallame su kusan a rana ɗaya. Yaron da tun yana firamare ba shi da wani buri sai wannan, sai ka gan shi a filin jirgi da kayansa a baƙar leda. Amma ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya. In wani ɗan wasa ya ji ciwo a wani kulob, suna iya buga wa wanda aka sallama waya su ce ya hau jirgi yau, gobe a gwada shi. In bai ɗauka ba, su kira na gaba. In ya ɗauka amma ya yi wata biyu a kwance yana cin biskit, gwajin ya kayar da shi. Ga kuma kuɗin haya ba ya jira. Wane wurin aiki ne zai yarda ka ajiye aiki da tsakar rana ka ce ka tafi, ba ka san ranar dawowa ba?

Wurin Malam Ɗantala ne. Dokokinsa ba su da yawa. Da safe kafin aiki a yi gudu a filin da ke Glenwood, shi yana zaune a kujerar roba da agogo a hannu. Waya tana aljihunsa, saboda mai ɗauke da firji ba shi da hannun amsa kira. Jakar tafiyar kowa tana bayan kujerar direba, da takalman wasansa a ciki. In waya ta yi ƙara, aiki ya ƙare, a wuce filin jirgi.

Abin dariyar shi ne har yau bai san wasan ba. Confidence, wanda shi ne farkon yaron da ya ɗauka, iyayensa mutanen Gana ne, kullum cikin tsokanarsa yake.

"Baba, agogon nan da kake dannawa, sakan nawa ne mai kyau?"

"Ban sani ba. Ƙara sauri dai."

"To ai jiya ma haka ka ce."

"Jiya ma ba ka yi sauri ba."

A da Malam tasi yake ja a filin jirgi, kwasar kaya kuwa a ƙarshen mako kawai. A nan ya ɗauki Confidence da ledarsa, shekarun baya. Yaron ya faɗi unguwarsu, da suka kusa sai ya ce a wuce. Suka zaga suka dawo, ya sake cewa a wuce. Ashe mahaifiyarsa ta riga ta faɗa wa cocinsu kaf cewa ɗanta ya zama ɗan ƙwallo, shi kuma ya rasa fuskar da zai shiga gida da ita. Malam ya kashe mita, ya ce masa yana da injin wanki da zai hau da shi bene, bayansa kuma ya ƙi. Daga nan aka fara. Tun daga shekarar, duk ƙarshen Agusta Malam yana filin jirgi ko tashar bas, yana duba wanda ya sauko da manyan kafaɗu da sunkuyayyen kai. Bai taɓa tambayar addinin yaro ko launinsa ba. Yakan tambaya ne ko ya ci abinci.

Ba kowa ake kira ba, gaskiya ɗaya ce. Confidence kansa wayarsa ta yi shekara biyu a aljihun nan ba ta yi ƙarar da ake jira ba. Amma bai lalace ba, ga shi da mata da 'ya'ya, shi ne ma babban direba yanzu. Wasu sun zama masu horar da yara a makarantu. Wasu kuma an kira su, kuma ba wanda kiransa ya taɓa wucewa a banza.

Yanzu bari in faɗi nawa, don saboda shi na roƙi a ba ni fili a takardar ƙungiyarmu. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da na tuna shi zan faɗa.

Bara, a farkon Agusta, Allah ya karɓi ran mijina Malam Ma'aruf. Ɗanmu guda ɗaya, Abdulmuhaimin, yana sansanin wani kulob a lokacin, karonsa na farko bayan ya gama jami'a. Ya zo jana'iza, ya koma, ƙarshen wata aka sallame shi. Ni ina takaba ba na fita, Malam Ɗantala ne ya ɗauko min shi. Yaron ya shigo ya gaishe ni, ya kashe wayarsa, ya jefa ta a durowar kicin inda nake ajiye cokula, ya je ya zauna a kujerar babansa.

Mahaifinsa bai taɓa fashin wasansa ba tun yana ƙarami. Ko ana ruwa, ko ana sanyi, yana can saman benci da fulas ɗinsa, yana ihu da Hausa a tsakiyar Turawa. Na san abin da wasan nan yake a wurinsu su biyun. Na ce masa, "Muhaimin, kunna wayarka." Ya ce, "Mama, na gama. Baba ya tafi ya bar min ke. In na tafi wa zai zauna da ke?" Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce babanka ba zai so haka ba. Bai kunna wayar ba. Ina kallon yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya yana wuni a kujera, labule a sake. Na binne miji, ga shi ina kallon ɗana yana binne kansa saboda ni.

Bayan kamar mako guda Malam Ɗantala ya zo da Anti Adjara. Ya tsaya a bakin ƙofar falo ya sake yi min gaisuwa, sannan ya juya wurin yaron.

"Kai, tashi. Ba maganar ƙwallo na zo da ita ba, ni ban ma san ta ba. Firji ne a hawa na uku, Confidence kuma ya tsufa."

Confidence yana waje ya ɗaga murya, "Baba, ina jin ka fa!"

"Don ka ji na faɗa."

Muhaimin ya ce zai yi aikin, tunda da yamma zai dawo gida. Malam ya miƙa hannu ya ce, "Waya." Ya ce a kashe take, ba ya bukatarta. Malam ya ce, "Ni nake bukatarta. Aljihuna ɗaya ba kowa, rigar tana karkacewa." Ni na tashi na buɗe durowar cokula na ɗauko na ba shi. Jakar tafiyar ma ni na haɗa, na ba Anti Adjara ta fita da ita a cikin mayafinta.

Haka aka shiga Satumba, aka shiga Oktoba. Muhaimin yana gudu da safe don dokar aiki ce, yana ɗaukar kaya, yana dawowa da yunwa, har ya fara ba ni labarin shirmen Confidence muna dariya. Ya ce min a bayan kujerar Malam akwai wata jaka mai furanni da ba ta kowa ba ce, sun dami Malam da tambaya ko shi ma jiran kira yake. Malam yakan ce, "Mai ita ya san kansa."

Abin da ya faru ranar wata Litinin a unguwar Sedgefield ban gani da idona ba, amma Confidence ya kwaikwaya min shi har na haddace. Suna saukowa da fiyanon wata tsohuwa, ƙaton abin kiɗan nan mai nauyi, daga bene, Confidence a ƙasa, Muhaimin a sama, sai ƙirjin Malam ya ɗauki ƙara. Ya lalubi wannan aljihu, ya lalubi wancan, ya ciro. Ta Muhaimin ce. Ya amsa da Turancinsa na direban tasi, ya ce wa mai kiran ya riƙe, ɗansa yana zuwa. Sannan ya ce, "Muhaimin, ajiye!"

Confidence ya ce, "Kada ka ajiye! Wallahi in ka saki fiyanon nan ni da shi za mu isa ƙasa tare!"

Suka sauko da shi a hankali, Malam yana biye da su da waya a sama, yana ta ba mutumin haƙuri, har da tambayarsa lafiyar iyali. Wani kulob ne can arewa, suna son ya hau jirgin yamma. Muhaimin ya saurara, ya rufe bakin wayar da tafin hannu, ya ce, "Baba, ba zan iya ba. Mama tana takaba, ita kaɗai ce a gida."

Malam bai yi masa wa'azi ba. Ya buɗe ƙofar mota ya jawo jakar nan mai furanni ya ajiye a gabansa.

"Ta Antinka Adjara ce. Tun ranar da na karɓi wayarka ta haɗa ta. Kai ka hau jirgi, ita ta tare a gidanku. Ni zan ci burodi da sadin, ba yau na fara ba. Amsa wa mutumin nan, kuɗin wayarsa na ƙarewa."

Ina ɗaki na ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Na leƙa ta labule, sai ga Anti Adjara tana saukowa da jakarta, tana faɗa wai an ɗauko ta miya a kan wuta. Ɗana ya shigo ya durƙusa a gabana. Na dafa kansa na ce, "Tashi ka tafi, Allah ya yi maka albarka." A motar kaya aka kai shi filin jirgi, fiyanon tsohuwar nan yana ɗaure a baya. Ita ma da aka yi mata bayani cewa ta yi su yi sauri.

Sun riƙe shi. Da farko a cikin masu jiran ko-ta-kwana, waɗanda suke horo da kulob amma ba sa shiga fili. Anti Adjara ta zauna da ni har na fita takaba. Ta koya min waakye, wato shinkafa da wake irin na mutanen zango, na koya mata miyar kuka yadda ya kamata, don tata ruwa ce, ta san na faɗa. A makon ƙarshe na Disamba aka sa shi a wasa. A falon Malam muka kalla, falon ya cika da ƙarti har ba wurin sa ƙafa. Malam yana ta tambaya, "Wanne ne namu?" Da aka nuna masa, sai ya miƙe yana tafi daidai lokacin da aka kayar da yaron a ƙasa. Confidence ya ce, "Baba, zauna, ba yanzu ake tafi ba." Malam ya ce, "Ya shiga fili ko bai shiga ba?" Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen ya zama na wani abu daban, don na waiga in ga fuskar Malam Ma'aruf. Allah ya jiƙansa. Da yana nan da maƙwabta sun kira mana 'yan sanda saboda ihu.

Malam Ɗantala, kai ne ka je ka ɗauko 'ya'yan mutane a ranar da kowa ya ajiye su. Kai ne ba ka san dokar wasa ko ɗaya ba, amma ka san yadda ake tayar da yaro daga kujera ba tare da ka kunyata shi ba. Ka ga abin da ya riƙe ɗana, ka shirya masa magani tun kafin kiran ya zo, ba ka faɗa wa kowa ba. Uban ƙarti, mijin Adjara. Na gode. Anti Adjara, ke ma na gode, ke kika san dararen da na kasa barci.

Gwiwoyin Malam sun gaji, ranar Asabar da ta wuce ya miƙa wa Confidence makullin mota a gabanmu, ya cire rigar ya ba shi. Ta ƙi shiga, ko kafaɗa ɗaya ba ta rufe ba. Anti Adjara ta karɓe ta ce za ta ƙara mata yadi a baya.

Jama'a, ba sai kana da motar kaya ba. Mai shago, mai gareji, mai gidan abinci, in yaro irin wannan ya zo neman aiki, ɗauke shi, ka bar masa wayarsa a kunne, in an kira shi ka sake shi da fuska a sake. Ɗana yana sansani a yanzu haka, ƙarshen wata za a sake tacewa, ban san ko za a riƙe shi ba. Amma bana ina barci. Na tambayi Malam, tunda ya yi ritaya, wa zai je filin jirgi. Ya ce kaya ya daina ɗauka, bai ce ya daina ɗauko yara ba.

Rumasa'u, maman Abdulmuhaimin
Greensboro