Maɓallin da Ba Shi da Suna

Kusa da ni a kujerun jira na banki akwai wani dattijo makaho, rigarsa ta sha guga. Ya kara waya a kunne, irin mai karanta wa makafi abin da ke allonta, tana zuba magana da saurin da ba na tsintar ko kalma ɗaya, shi kuwa sai gyaɗa kai yake. Ko tsohon malamin makaranta ne? Yana sauraronta kamar mai jiran ɗalibi ya yi kuskure.

Da layi ya zo kansa, na ji shi a gaban ma'aikaciya yana bayani a natse: tun da aka sabunta manhajar bankin, duk inda ya taɓa sai wayar ta ce "maɓalli", ba ta faɗin na mene ne.

"Baba, faɗa mini lambar sirrinka in yi maka," in ji ta.

"'Yata, ko matata ba ta san lambar nan ba." Ya tura mata wayar. "Rufe idonki, ki nemo mini wurin aika kuɗi."

Ta yi dariya, amma ta rufe. Yatsanta na yawo, wayar na cewa maɓalli, maɓalli. Can ta buɗe ido, ta jawo takarda da biro.

"Baba, faro mini daga farko."